B.B. King a dandali da B.B. King a situdiyo: a ina gwanin ya fi fitowa?

Duk inda masoya kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka suka haɗu aka ambaci mawaƙi kuma makaɗin jita B.B. King, da wuya a tashi ba a yi musu a kan abu guda ba: faya-fayansa da aka ɗauka a gaban jama'a ne suka fi, ko waɗanda aka naɗa a situdiyo? Mafi yawa sun riga sun yanke hukunci. A wurinsu B.B. King na gaskiya shi ne na Live at the Regal, kundin da aka ɗauka a gaban jama'a, sauran kuwa aikin kamfani ne da neman kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an faɗe ta har ta zama haddar da ba a dubawa. Mutumin da ya shafe kusan shekara 60 yana naɗar sauti, daga 1949 har 2008, ba a gama da shi da jumla ɗaya.

Abin da nake gani shi ne, an ja layin a inda bai dace ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: a lokacin da ake ɗaukar sautin, akwai wanda yake amsa wa B.B. ko babu? Inda aka samu mai amsawa, faifan ya rayu, ko a zauren wasa ne ko a ɗakin naɗar sauti. Inda aka rasa, faifan ya kwanta, ko da mutum dubu suna tafi a bayansa.

Sai an fahimci yadda yake kiɗa kafin wannan magana ta zauna. An haifi Riley B. King ranar 16 ga Satumba 1925 a gonar auduga kusa da Itta Bena a jihar Mississippi, ya tashi yana waƙar coci, ya yi tuƙin tarakta a Indianola, sannan ya nufi Memphis. A can ya samu shiri a gidan rediyon WDIA, inda laƙabinsa na rediyo ya taƙaice ya koma B.B. Ɗan'uwan mahaifiyarsa, Bukka White, yana goga ƙarfe a kan tsirkiya jita ta yi kuka. B.B. ya sha faɗin cewa shi hannunsa ya ƙi wannan salo, don haka ya koyi karkaɗa yatsa a kan tsirkiya har ya samo irin wannan kukan. Daga T-Bone Walker ya ɗauko jitar lantarki mai bin sauti ɗaya bayan ɗaya, daga Lonnie Johnson ya ɗauko tsabtar hannu. Amma abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne wannan: B.B. ba ya waƙa da kiɗa a lokaci guda. In bakinsa yana aiki, Lucille, jitarsa, tana shiru. In ya rufe baki, sai ta karɓa. Shi da kansa bai ɓoye cewa bai ƙware a kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare don riƙe waƙa ba, har ya gaya wa 'yan ƙungiyar U2 haka a gaban kyamara lokacin da suka yi aiki tare a ƙarshen shekarun 1980.

Wanda ya saba da waƙar Mamman Shata ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cire 'yan amshi da masu kalangu, ka bar Shata shi kaɗai, baitin yana nan amma an rage masa ƙafa guda. Waƙar B.B. ma a kan karɓa-karɓa aka gina ta: murya ta faɗa, jita ta amsa, masu busa su ɗora, jama'a su mayar. Gibin da yake bari tsakanin sauti da sauti ba don ado ba ne, wuri ne da ya keɓe wa wani ya shigo.

Shekarun minti uku

Waɗanda suke raina aikinsa na situdiyo sukan manta cewa a situdiyo aka fara gina sunan. A 1951 aka ɗauki 3 O'Clock Blues a wani ɗaki na ginin YMCA a Memphis, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin R&B (kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) na mujallar Billboard a farkon 1952. Bayanta You Know I Love You da Please Love Me da You Upset Me Baby duk sun kai wannan matsayi kafin ƙarshen 1954. Duk wannan a ƙarƙashin kamfanin 'yan'uwan Bihari ne na Los Angeles, masu tambarin Modern da RPM da Kent da Crown. Mutumin da ya kamata a riƙa ambata a nan, kuma ba a cika yi ba, shi ne Maxwell Davis, mai busa saksofon wanda yake tsara wa masu busa abin da za su busa. Shi ya san inda zai cusa ƙaho da inda zai janye shi don jita ta samu hanya. Ka saurari waƙoƙin B.B. na tsakiyar shekarun 1950, za ka ji tsarin da ya yi ta amfani da shi a dandali har tsufansa, an riga an kammala shi.

Matsalar wannan zamani biyu ce. Ta farko, faifan lokacin ba ya ɗaukar fiye da minti uku da ɗoriya a gefe guda, shi ya sa da aka zo Sweet Sixteen a 1960 sai da aka raba ta biyu, rabi a kowane gefe. Jita takan samu zagaye ɗaya ne ta yi maganarta a koma ga baiti. Ta biyu kuwa ta kasuwa ce. 'Yan Bihari sun riƙa tattara waƙoƙinsa suna fitarwa a manyan faya-fayai masu arha na tambarin Crown, ana sayar da su ƙasa da dala ɗaya, a kwandon rangwame. Masu sharhin jaridu ba sa kula irin waɗannan. Ga kuma sunaye irin su Taub da Josea da Ling da ake liƙawa kusa da nasa a matsayin marubutan waƙa, alhali sunayen aro ne na masu kamfanin don su ci rabon kuɗin mallaka. Don haka kundi irin Singin' the Blues, wanda yake cike da manyan waƙoƙi, ya fito a cikin rigar kayan gwanjo. Ra'ayin cewa B.B. na situdiyo ba shi da daraja, wani ɓangarensa daga nan ya samo asali, daga farashi da kwali, ba daga abin da kunne ya ji ba.

A cikin waɗannan masu arha akwai My Kind of Blues, wanda aka ɗauka a 1960 da ƙaramar ƙungiya: fiyano, bas, ganga, sai shi. Babu masu busa. Lloyd Glenn ne a kan fiyano, kuma duk kundin hira ce tsakaninsa da jita. B.B. ya sha ambaton wannan kundi a matsayin wanda ya fi so a cikin nasa. Babu ɗan kallo ko ɗaya a ɗakin, amma akwai mai amsawa.

A 1962 ya koma ABC-Paramount, kamfanin da Ray Charles ya yi suna a cikinsa wajen Turawa. Kamfanin bai san abin da zai yi da shi ba. Aka yi ƙoƙarin mayar da shi mawaƙin soyayya mai taushin murya, aka lulluɓe shi da manyan makaɗa. Mr. Blues na 1963 shaida ne. Ba mummuna ba ne, amma ba ka gama shi ka ji kana son maimaitawa.

Daren Regal

Ana cikin wannan lalube ne Johnny Pate, furodusan ABC a Shikago, ya kai na'urorin ɗaukar sauti gidan wasa na Regal ranar 21 ga Nuwamba 1964. Regal yana unguwar Bronzeville a kudancin birnin, cibiyar baƙaƙen fatar da suka yi ƙaura daga jihohin kudu, da yawansu daga Mississippi ɗin da B.B. ya fito. Wato mutanen da suke zaune a kujerun nan ba baƙi ba ne ga abin da yake faɗa. Sun san gonar auduga, sun san cocin, sun san waƙoƙin tun suna fitowa a ƙananan faya-fayai. Pervis Spann da E. Rodney Jones, masu gabatar da shiri a rediyon WVON, su suka yi sanƙira. A bayansa akwai Sonny Freeman a kan ganga, Duke Jethro a kan fiyano, Leo Lauchie a kan bas, da masu busa uku: Kenny Sands da Johnny Board da Bobby Forte.

Kundin bai wuce minti 35 ba. Abin da ya sa ake ta maganarsa yana cikin gefen farko, inda Sweet Little Angel da It's My Own Fault da How Blue Can You Get suke bin juna ba tare da makaɗa sun tsaya ba. B.B. yana ɗinke su da magana, yana cewa bari mu koma baya, yana jan hankalin maza, yana tsokanar mata. Kafin ya buɗe baki a Sweet Little Angel, jita ta yi 'yan sautuka kaɗan, mata suka ɗauki ihu, domin sun gane waƙar. Wannan ihun ba hayaniya ba ce da ta shiga makirfo bisa kuskure. Yana faɗowa daidai inda B.B. ya bar gibi, kuma kana jin yadda yake jinkirta sauti na gaba har sai ihun ya sauka.

How Blue Can You Get ta fi nuna abin. Leonard Feather da matarsa Jane ne suka rubuta ta, B.B. kuma ya riga ya naɗe ta a situdiyo kafin wannan dare. Akwai wurin da makaɗa suke tsayawa cak, miji yana lissafa abin da ya yi wa matarsa tana rainawa: mota, abinci, gida, har ya kai ga 'ya'yan da suka haifa. A faifan situdiyo, baitin ƙarshe abin dariya ne mai kyau, ka yi murmushi a wuce. A Regal zauren ne yake fashewa gaba ɗaya. Kalmomin ba su canza ba, tsarin kiɗan ma kusan ɗaya ne. Abin da ya ƙaru shi ne mutanen da aka rubuta barkwancin dominsu suna wurin.

Sai dai akwai abubuwa biyu da masu ɗaukaka Regal ba su cika so a tuna musu ba. Na farko, kundin ba hoton dare guda ba ne kamar yadda ya faru. Daga wasa biyu aka tsinto shi, shi ya sa ake jin sanƙira biyu, aka zaɓa aka jera. Kundin dandali ma aikin furodusa ne, da almakashi a hannu. Na biyu, B.B. da kansa bai ɗauki wannan dare a matsayin wani abin al'ajabi ba. Ya nuna cewa ya yi wasanni da yawa da suka fi shi, ba a dai kawo na'ura ba ne. Mutumin da ya yi wasa 342 a shekarar 1956 kaɗai yana da hujjar faɗin haka. Ke nan darajar Regal ba wai B.B. ya wuce kansa ba ne a daren. Darajarsa ita ce an kama aikinsa na yau da kullum, a gaban mutanensa, kafin wannan duniyar ta watse. An rufe Regal a 1968, aka rushe ginin a 1973. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kundin a rajistar sautukan da ƙasa take adanawa, kuma ya cancanta.

Wani abin lura: kundin bai yi wata babbar kasuwa ba da ya fito a 1965. Waɗanda suka riƙe shi kamar allon karatu samarin Turawa ne masu koyon jita a Ingila da Amurka, irin su Eric Clapton. Ta hannunsu sunan Regal ya zama abin da ya zama.

In don jita kaɗai ake magana, ni na fi karkata ga Blues Is King, wanda aka ɗauka a wani kulob a Shikago a Nuwamba 1966. Wurin ƙarami ne, sautin jitar ya fi kauri da zafi, muryar ta fi ɗaci. A Gambler's Blues da Night Life babu wasa da dariya irin na Regal, mutum ne yake faɗin abin da ke cinsa. Regal ya fi shi tsari da armashi, shi kuma ya fi Regal cizo. Rashin shahararsa ya nuna cewa jerin "mafi kyau" da mujallu suke fitarwa yakan bi abin da aka riga aka ji ne.

Abin da dandali ba zai iya ba

Yanzu ga inda hujjar masu cewa dandali kaɗai take karyewa. Waƙar da duniya ta fi sanin B.B. King da ita, The Thrill Is Gone, 'yar situdiyo ce tun daga tushe. Roy Hawkins ya fara fitar da ita a 1951. A 1969 wani matashin furodusa, Bill Szymczyk, ya shawo kan ABC su bar shi ya haɗa B.B. da matasan makaɗan situdiyo na New York. Gwajin farko shi ne Live & Well: gefe ɗaya an ɗauka a kulob ɗin Village Gate da ƙungiyarsa, ɗaya gefen a situdiyo da sababbin makaɗa. Kamar an shirya kundin don wannan musu namu. Kuma waƙar da ta fi tashe a cikinsa, Why I Sing the Blues, daga gefen situdiyo ta fito.

Sai Completely Well a ƙarshen shekarar. Jerry Jemmott a kan bas, Herbie Lovelle a kan ganga, Paul Harris a kan fiyano, Hugh McCracken a kan jita ta biyu. Waɗannan ba yaransa ba ne da suke cin albashi a hannunsa, ba su haddace inda zai juya ba, dole su saurare shi, shi ma dole ya saurare su. Bas ɗin Jemmott a The Thrill Is Gone yana tafiya ne kamar murya ta biyu. Bayan an gama ɗauka, Szymczyk ya kawo shawarar a ɗora gogen Turawa a kai, Bert de Coteaux ya tsara su. A ƙa'idar masu tsattsauran ra'ayin blues wannan saɓo ne. Amma ka saurara da kyau: gogen ba su rufe jitar ba, suna shimfiɗa mata ne, suna shigowa inda ta yi shiru. Waƙar ta kai matsayi na 15 a babban jerin Billboard, na 3 a na R&B, ta kuma kawo masa kyautar Grammy ta farko a 1971. Ya kaɗa ta dubban lokuta a dandali bayan haka, yawanci da sauri da ƙarfi, amma sanyin nan mai ban tsoro na faifan asali bai sake samuwa ba. Natsuwa irin wannan ba ta yiwuwa a zauren da ake ihu.

Indianola Mississippi Seeds na 1970 ya ci gaba a kan wannan hanya, da Leon Russell da Carole King da Joe Walsh. Akwai labarin da B.B. yake bayarwa game da Chains and Things: ya taɓa sautin da bai yi niyya ba a tsakiyar kiɗa, ya bi shi ya nemi mafita, daga baya mai tsara goge ya sa su bi wannan hanyar da kuskuren ya buɗe. A dandali da kuskuren ya wuce a manta. Situdiyo ne kaɗai yake iya mayar da shi ginshiƙin waƙa.

Gidan yarin Cook County

A ranar 10 ga Satumba 1970 B.B. ya yi wasa a filin gidan yarin Cook County a Shikago, bisa gayyatar hukumar gidan a zamanin shugabancin Winston Moore. Fursunoni sama da 2,000 ne suka zauna, mafi yawansu baƙaƙen fata matasa, da yawa kuma ba a ma yanke musu hukunci ba, suna jiran shari'a ne saboda ba su da kuɗin beli. Kundin yana buɗewa da wata jami'a tana gabatar da manyan baƙi. Da ta ambaci shugaban 'yan sandan gundumar da babban alƙalin kotun laifuka, sai filin ya ɗauki ihun tir. Szymczyk ya bar wannan a faifan, kuma ya yi daidai, domin kafin a taɓa tsirkiya ka riga ka san a gaban su wa ake wasa.

Kwatanta shi da Regal yana da amfani domin waƙoƙi da dama sun maimaitu. Every Day I Have the Blues a nan gudu take yi kamar ana korar ta, alamar makaɗan ba su gama sakin jiki ba. Amma da aka zo How Blue Can You Get, sai jita ta yi doguwar shimfiɗa kafin murya ta shigo, kuma a ganina wannan shimfiɗar tana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ɗauka daga hannunsa. Worry, Worry ta kai kusan minti goma, da dogon wa'azi ga maza da mata a tsakiya, wanda wani sashensa kunnen yau zai ji shi wani iri. A Regal jama'a suna amsawa da shauƙi. A nan amsar ta fi nauyi, wani lokacin ma shiru ce, kuma B.B. yana kiɗa kamar mai lallashi. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a jerin R&B a 1971. Bayansa B.B. ya ci gaba da wasa a gidajen yari, har suka kafa gidauniyar tallafa wa fursunoni shi da lauya F. Lee Bailey.

Wanne ya fi tsakanin biyun? Regal ya fi a matsayin wasa cikakke. Cook County ya fi a jita da kuma ingancin sauti. Wanda ya ce lallai sai an zaɓi ɗaya, neman rigima kawai yake yi.

Dogon zangon tsakiya

Daga farkon shekarun 1970 zuwa farkon 1990 ne masu sukar situdiyo suke samun yawancin harsashinsu, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Blues ya fita daga rediyon baƙaƙen fata, kamfani yana neman inda zai sa B.B. ya sayu. Aka kai shi Landan a 1971 ya yi kundi da taurarin rock na Ingila, aka kai shi Philadelphia, aka kai shi Nashville ya yi Love Me Tender a 1982, aka zo ƙarshen shekarun 1980 aka haɗa shi da gangar inji. Gangar inji ba ta jin kowa. Ba ta jinkirtawa don B.B. ya ja sauti, ba ta ƙara ƙarfi don ya ɗaga murya. Mutumin da duk fasaharsa ta dogara ga sassauta lokaci da matse shi, an ɗaure shi a jikin agogo.

Duk da haka, ko a wannan zango akwai Midnight Believer na 1978 da ƙungiyar Crusaders, inda Joe Sample da abokansa suka saurare shi da gaske, da There Must Be a Better World Somewhere na 1981, wanda Dr. John da Doc Pomus suka rubuta masa yawancin waƙoƙinsa. Sannan kundayen dandali na wannan zamani su ma ba duka suka tsira ba. Wanda ya yi da Bobby Bland a 1974 yana da daɗin hira ta tsofaffin abokai, amma a sake yake, kamar ba a yi shiri ba. Live at San Quentin da Live at the Apollo duk sun ci Grammy a farkon shekarun 1990, amma ban san wanda zai ɗauke su ya ajiye Cook County ba. A lokacin wasan ya zama tsari da aka haddace: barkwanci ɗaya a wuri ɗaya, kowane dare. Masu sauraron ma sun canza. Tun bayan da ya fara wasa a zauren Fillmore na San Francisco, ya kuma buɗe wa Rolling Stones wasanni a 1969, zaurukansa suka cika da Turawa masu girmama shi, masu tafi a ƙarshen waƙa. Girmamawa daban, amshi daban. Wanda yake son ganin B.B. na wannan zamani da wutarsa, ya nemi hoton bidiyon wasansa na Kinshasa a 1974, a bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman.

Kundayen baƙi, irin Deuces Wild na 1997, ba ni da dogon zance a kansu. An tara manyan sunaye, kowa ya zo ya gaisa da sarki ya tafi. Riding with the King da Eric Clapton a 2000 ya fi su, ya sayu fiye da kowane kundi nasa, kuma akwai daɗi a jin su biyun da jitar da ba ta lantarki ba. Amma ladabin Clapton ya yi yawa. Almajiri ne yake gudun kada ya sha gaban malami, alhali B.B. ya fi kyau in an matsa masa.

Yadda abin ya juya a ƙarshe

A 1998 B.B. ya yi abin da ya kamata a ce an bar shi ya yi tun tuni. Ya kwashi ƙungiyarsa ta yawon wasa, ya kai su wani situdiyo a jihar Louisiana, ya zama furodusan kansa, suka ɗauki Blues on the Bayou cikin 'yan kwanaki, kowa yana kiɗa a lokaci guda, babu baƙo ko ɗaya. Kundin situdiyo ne da aka yi da tsarin dandali, kuma ya fi duk kundayen dandalin da ya fitar a shekaru 20 da suka gabace shi.

Shekara goma bayan haka, yana da shekara 82, furodusa T Bone Burnett ya haɗa shi da Dr. John a kan fiyano, Jim Keltner a kan ganga, Nathan East a kan babban bas na katako, suka yi One Kind Favor. Waƙoƙin na mutanen da ya taso yana ji ne: Blind Lemon Jefferson, Lonnie Johnson, T-Bone Walker, Mississippi Sheiks. Muryar ta tsufa, ta yi kaushi, numfashin ya gajarta, kuma ba a ɓoye hakan ba. Waƙar farko roƙo ne na mai shirin mutuwa game da kabarinsa, kuma ganga tana tafiya a ƙarƙashinta kamar jerin masu rakiya. Jitar ba ta yin dogon zance, sauti huɗu ko biyar ne ta yi shiru, Dr. John ya cike. Shi ne kundinsa na ƙarshe a situdiyo, ya kuma kawo masa Grammy ta 15.

Ka ajiye shi kusa da wasan da aka ɗauka a Royal Albert Hall na Landan a 2011. B.B. yana zaune a kujera, ciwon sukari da shekaru sun yi aikinsu, hira ta fi kiɗa yawa, Derek Trucks da Susan Tedeschi da Ronnie Wood da Slash suna kewaye da shi suna ɗaukar nauyin waƙoƙin. Jama'a suna tafi tun kafin ya taɓa tsirkiya, kuma za su yi tafin ko me ya kaɗa. A shekarunsa na ƙarshe, har zuwa wasansa na ƙarshe a Oktoba 2014 da rasuwarsa a Las Vegas ranar 14 ga Mayu 2015, dandali ya koma wurin da ake zuwa ganinsa. Mai son jin abin da ya rage a hannun tsohon da muryarsa a wannan lokaci, a faifan 2008 zai same shi, inda aka rufe ƙofa aka bar shi da makaɗa ƙalilan da suke jiran ya gama magana kafin su amsa.